Wannan "Yayana" Da "Ƙanwata" Da Ake Ta Yi, Dan Allah Mu Tsaya Mu Duba

Assalamu alaikum Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ke cina a rai, don yau kusan sati uku kenan ina juya maganar nan, na rubuta na goge ya fi sau biyar, amma na ga in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Autarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu biyar ne a gidanmu duk mata, Baba kuma Allah ya yi masa rasuwa a 2019. Shekara huɗu kenan yarinyar nan tana da wani da take kira Yaya, ba dangin iya ba na baba. A makaranta suka haɗu tana shekarar farko shi yana ta ƙarshe, ranar rijista ya gan ta tana ta zagaye da fayil a hannu rana na dukanta ba ta san ofishin da za ta shiga ba, ya karɓi takardun ya shige mata gaba har aka gama, da za su rabu yace daga yau kin zama ƙanwata. Shikenan fa. Ya gama ya tafi bautar ƙasa ya dawo ya samu aiki amma waya ba ta taɓa yankewa ba. Da asuba shi ke tashinta sallah, da rana "ƙanwata kin ci abinci kuwa", da dare kuma sai su kai sha biyu har ɗaya suna hira, in na je gida kwana ina kwance ina ganin hasken waya ta ƙasan bargo. Shi ke sa mata data, wayar hannunta ma shi ya canza mata. Manema biyu na sani da suka fito da gaske, ɗaya har manyansa sun je wajen Baffa gaisuwa, amma kowanne sai tace bari ta yi shawara da Yaya, shi kuma Yaya kullum sai ya samo aibu, wannan bai yi karatu mai zurfi ba, wancan idonsa a buɗe yake, ke ai kin fi ƙarfin ajinsa. In na yi magana sai tace haba Anti, Yayana ne fa, ke komai sai kin fassara shi.

Sati uku da suka wuce ya turo mata katin ɗaurin aurensa ta WhatsApp, ya haɗa da cewa ke ce ƙirjin biki fa ƙanwata, zan aiko miki da ankonki. Kwana biyu yarinyar nan ko ruwan shayi ba ta iya haɗiya ba. Mama ta ɗauka zazzaɓi ne har an je kemis an sayo magani. Da na zo na rufe ƙofa na zauna da ita, ta daɗe tana kuka kafin tace min, Anti ni fa na ɗauka jira yake in gama karatu. Nace ya taɓa ce miki yana sonki? Tace bai taɓa furtawa ba, amma ai ko makaho ya shafa ya san abin da ke tsakaninmu.

Na karɓi lambarsa na kira shi. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, yace wallahi Anti tsakani da Allah ni ƙanwa na ɗauke ta. Nace toh na ji, kana da ƙanne mata da kuke ciki ɗaya? Yace uku. Nace wacce a cikinsu kake kira ƙarfe ɗayan dare, wacce a cikinsu ka kore wa manema biyu? Ya yi shiru har na ɗauka netwok ne ya ɗauke.

Edita ba don in tona asirin kowa na kawo wannan ba, shi ya sa ban kama suna ba. Abin ne ya yi yawa. Duk wadda ta yi zaman hostal ko take aikin ofis ta san irin labarin nan, in ba a kanta ba toh a kan ƙawarta.

Ni ban ce kiran wanda ba jininka ba da sunan dangi laifi ne ba, ina, ai da shi muka tashi. Bahaushe ba ya iya kiran babba da gatsal. Dattijon da ke sayar da goro a bakin layi Baba ne, mai ƙosai Inna ce ko Iya, abokin yayanka Yaya ne, ƙawar mamanka Anti ce ko Umma, har direban mota in za ka roƙe shi ya tsaya sai kace ɗan uwa dan Allah. Kunya ce da girmamawa, irin kunyar da ke sa uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ko a sa wa yaro sunan kakansa sai a koma kiransa Abba ko Baba ƙarami, yarinya kuma Ummi ko Mama. Iyayenmu mata ma suna da uwar ɗaki da 'yar ɗaki, mace babba ta ɗauki ƙarama kamar ita ta haife ta, ta yi mata gudummawa ranar biki ta tsaya mata ranar suna, kuma wannan zumuncin yakan wuce har kan 'ya'ya da jikoki. Amma ka lura, mace da mace ne, kuma gida biyu duk sun sani.

Inda matsalar take, kalmar Yaya a kunnen Bahaushe fuska biyu gare ta. Mu da muke auren zumunci, tuwona maina, mata nawa ne a Zariya da Kano da Katsina suke kiran mazajensu Yaya? Ɗan baffanta ne ko ɗan goggonta, tun tana rarrafe take ce masa Yaya, aka ɗaura aure bakin bai canza ba, ga 'ya'ya shida har yanzu Yaya. 'Yan mata ma da yawa saurayin da za su aura Yayana suke ce masa saboda nauyin kama sunansa. Toh kaga kenan idan yarinya tace wane Yayana ne, ba ta rufe ƙofar aure ba, a wani lokacin ma buɗe ta ta yi. Shi kuma namijin in ya ga dama ya ɗauki fuskar da ta yi masa daɗi, yau ya yi kishi kamar saurayi, gobe in an titsiye shi yace ai ƙanwata ce. Ya ci moriyar soyayya bai ɗauki nauyinta ba, ba sadaki ba lefe ba zuwa gaban iyaye, ba ma alkawarin da za a riƙe shi da shi.

Wani zai ce ai kaka ma tana kiran jikanta mijina, kakan kuma ya kira jikarsa amaryata, taubasai su yi ta tsokanar juna. Eh haka ne, amma kaka da jika kowa ya san wasa ne don aure ba zai taɓa yiwuwa ba, shi ya sa ake yinsa a tsakar gida ana dariya. Taubasai kuwa sau nawa wasan ya zama aure? Ai shi ya sa manya suke sa ido in sun fara girma.

Ta ɓangaren addini kuwa maganar a fili take, ni ba malama ba ce amma abin da muka karanta a Islamiyya ya isa. Suratun Nisa'i aya ta 23 ta lissafo matan da aure ya haramta da su, uwa da 'ya da 'yar uwa da goggo da inna da 'yar ɗan uwa da 'yar 'yar uwa, sai na shayarwa, sai na surukuta. Jini, nono, aure, hanyoyin kenan. A Risala ma an karantar da mu cewa nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce. Babu inda aka ce wadda ka taimaka wa ranar rijista. Suratul Ahzab aya ta 4 kuma ta haɗa abu biyu wuri ɗaya, matarka ba ta zama uwarka don ka faɗa da baki, ɗan riƙonka ba ya zama ɗan cikinka don ka kira shi ɗa, Allah yace wannan maganarku ce da bakunanku. Zaidu ɗan Harisa a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi, har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, aya ta sauka aka mayar da shi ga sunan mahaifinsa. In riƙo na shekara da shekaru a gida mafi daraja bai mayar da mutum ɗan jini ba, ina ga sunan da aka raɗa a inbos? Kuma hadisin nan da ke Bukhari da Muslim, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɗan uwan miji ya shiga wajen matar ɗan uwansa yace shi ai mutuwa ne, malamai sun ce saboda shi ne wanda ba a zargi, yana shiga yana fita ba mai ɗaga ido. Yayan waya ma haka yake, sunan ne ke sa kowa ya saki jiki. Mama da kanta in ta ji autarmu na waya da dare sai tace da wa kike magana, tace Yaya ne, sai Mama tace ki gaishe shi ta juya ta ci gaba da barcinta. Da cewa ta yi saurayina ne da tuni an ce ya turo.

Na san 'yan uwantakar musulunci gaskiya ce, muminai 'yan uwan juna ne kamar yadda ya zo a Hujurat, mun yi MSS, ƙungiyar ɗalibai musulmi, mun sha kiran juna ukti da aki. Amma wannan 'yan uwantakar ba ta ɗauke hijabi ba, ba ta halatta keɓewa ba.

Kar a ce na yi wa abin kuɗin goro, bari in ba da nawa labarin don ni ma ina da Yayan da ba mu haɗa jini ba, kuma har gobe ina alfahari da shi. A 2012 aka tura ni bautar ƙasa jihar Kwara, ban taɓa wuce Kaduna ba sai lokacin. Mun yi sati uku a sansanin Yikpata aka tura ni koyarwa wani gari kusa da Offa, ba na jin Yarbanci ko na gaisuwa, in na shiga kasuwa sai nuni da hannu. A wajen 'yan MCAN, ƙungiyar musulmi masu bautar ƙasa, na haɗu da shi, mutumin Gusau ne, ya riga mu zuwa da wata shida. Ranar farko da yace min ƙanwata, abin da ya biyo baya shi ne yace in ba shi lambar Baba. A gabana ya kira, ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa da unguwarsu, yace Baba ga 'yarka nan a hannunmu in sha Allahu ba abin da zai same ta. Duk zamanmu a can bawan Allahn nan bai taɓa taka ƙofar ɗakina ba, in yana da saƙo a bakin get yake tsayawa ya aiko ɗalibi. Lokacin alawus ɗinmu 19,800 ne, wani wata ya makara muka shiga wani hali, sai ga shi da shinkafa da manja, amma ba ni kaɗai ya ba wa ba, mu uku ne mata 'yan Arewa ya raba mana daidai. Da zan taho gida babbar sallah shi ya kai ni tasha a Ilori da asuba, ya rubuta lambar motar ya karɓi ta direba ya tura wa Baba, muna Jebba ya kira, muna Mokwa ya kira, muna Birnin Gwari ya kira, da na ce na iso Zariya yace alhamdulillahi ki gaida su Mama, bai sake kira ba sai da na koma. Ban taɓa ganin kiransa bayan isha'i ba.

Da maigidana ya fito neman aurena, shi wannan Yayan yana cikin waɗanda Baba ya sa su yi bincike, ya yi, ya dawo yace mutumin kirki ne a ba shi. Ranar ɗaurin aure shi ke jera kujeru. Da Baba ya rasu daga Gusau ya taho ya kwana uku ana karɓar gaisuwa da shi kamar ɗan gida. Yanzu matarsa ce ma muka fi yin waya da ita, shi sai dai ya kira maigidan su gaisa yace a ba ni mu gaisa. Kalma ɗaya ce da wadda aka yi wa autarmu amfani da ita, ƙanwata, amma shi da ya faɗa sai ya ɗora wa kansa kaya, ya sa wa kansa iyaka, ya shigo ta ƙofar gida. Wancan kuwa shekara huɗu ko layinmu bai sani ba.

Su ma matan ba zan wanke su ba, don akwai nasu. Yarinya ta san sarai yaron nan sonta yake, tana gani a idonsa, amma ba ta son ta rasa kati da kai ta gida a mota da yi mata asaimen, sai ta yi maza ta laƙaba masa Yaya ko besti tun kafin ya buɗe baki, ta ɗaure shi da igiyar da ba zai iya tsinkewa ba. Shi kuma yana ta hidima yana cewa wata rana za ta gane, sabo turken wawa, har ranar da za ta ce Yaya ka zo ka ga wanda zan aura ka ba ni shawara. Wani ɗan maƙwabtanmu haka ya yi shekara uku, son maso wani ƙoshin wahala, kuma shi aka sa ya yi jigilar ƙawayen amarya da motarsa. Wannan ma zalunci ne, dukiyar mutum da zuciyarsa ba halal ba ne don kin kira shi Yaya. Shi ma dai da laifinsa, namiji in kana so ka faɗa, in an ƙi ka ka ja mutuncinka, ɓuya a bayan ƙanwata ba dabara ba ce.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na manya. Oga a ofis ko malami a makaranta, sa'an mahaifin yarinya, ya fara da ke 'yata ce, ki ɗauke ni kamar babanki, duk abin da kike so ki faɗa min. Yarinya ta saki jiki tana Dadi Dadi, iyaye ma suna murna 'yarsu ta samu uba a wurin aiki. Daga nan sai ki tsaya bayan an tashi, sai zo ki raka ni, ranar da ta gane inda aka dosa kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gida ba, don wa zai yarda, mutumin da har kayan azumi yake aikowa? Kura ce da fatar akuya. In da gaske 'yarka ce toh ka kai ta gidanka ta gaida matarka, ka bar ƙofar ofis a buɗe in ta shigo. Haka nan matan aure masu ɗana ɗana da samarin unguwa ko yaran shagon miji, ana hira a waya ana goge saƙo, ɗan da kike ɓoye hirarsa ga ubansa wane irin ɗa ne?

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Iyaye mata musamman, in 'yarki tace wane Yayana ne ki tambaye ta ɗan wane gida ne, ki ce ya zo ya gaishe ki, in yana da mata a san ta. Mai gaskiya ba zai ƙi zuwa ba, murna ma zai yi, marar gaskiya kuwa daga ranar za ki ga ya fara janyewa. Mu a gidanmu wannan tambayar ce ba mu yi ba, ni da nake babba na ga alamu na yi magana sau biyu sau uku aka ce ina fassara sai na yi shiru don kar a ce na takura wa marainiya, kuma wallahi shirun nan yana damuna. Yarinya ce da ta tashi ba wa namiji, uba ya rasu tana sakandare, ranar da wani ya ce mata ƙanwata ya karɓi fayil ɗin hannunta ba ƙaramin abu ya taɓa a zuciyarta ba. Shi ma na tabbata ya san da haka don ta ba shi labarin gidanmu kaf.

Malamanmu masu wa'azi da masu shirye-shiryen rediyo su ma dan Allah su taɓo wannan, ana ta magana kan zance da lefe da tsadar aure amma wannan zumuncin na waya da ba shi da suna a shari'a ba shi da suna a al'ada ba a cika taɓo shi ba, alhali shi ke cinye shekarun yaranmu a ɓoye. Samari kuma masu ƙanne a kowane gurup, ku ji tsoron Allah, in aure kake so ka faɗa tun da wuri ka turo, in kuma tsakani da Allah ƙanwa ka ɗauke ta toh ka yi mata abin da za ka so wani ya yi wa wadda kuka sha nono ɗaya, ka bar mata darenta ta yi barci, mai nemanta in ya zo ka taya ta addu'a.

Ranar Asabar mai zuwa ne ɗaurin auren. Ankon ya iso tun makon jiya, atamfa ce turmi ɗaya da mayafi, tana nan a ledarta a kan durowa ba wanda ya buɗe. Autarmu ta fara cin abinci alhamdulillahi, ta koma makaranta shekaranjiya don jarrabawa ta matso, ta ce min ta goge lambar amma ta haddace ta. Mama tace a mayar masa da kayansa har da wayar, gobe in Allah ya kai mu zan kai tasha in ba direba.

Na gode Edita, Allah ya saka da alheri.

Taku,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Zariya